Shekara Tara da Gara Ta Cinye

Babanmu shekara talatin da biyar ya yi yana auna ruwan sama, kuma idan ka kuskura ka tambaye shi amfanin aikin, to ka nemi wurin zama, domin sai ya yi maka bayani tun daga mazurari har zuwa kwalba. Ma'aikatar kula da yanayi yake yi wa aiki, amma ba ya cikin masu zaman ofis a ƙarƙashin fanka. Nasa ofishin wani ɗan fili ne da aka kewaye da waya a bayan makarantar firamaren unguwarmu, a tsakiyarsa an kafa wani gwangwanin ƙarfe mai mazurari a baki. Kullum ƙarfe takwas na safe zai buɗe ƙofar wayar, ya juye abin da ya taru a cikin wata siririyar kwalba mai zane-zane, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da saman ruwan, ya karanta, ya rubuta a littafi. Ran da ba a yi ruwa ba ma sai ya je, ya leƙa, ya rubuta sifili da irin natsuwar da yake rubuta hamsin. Ƙarshen wata ya kai littafin ma'aikata, magatakarda ya kwafe, ya buga hatimi a shafin, Baba ya sa hannu a ƙasa cewa shi ya auna da idonsa. Kowace shekara da littafinta.

Mu 'ya'yansa mun ji jiki da wannan aiki. A gidanmu ba ka isa ka ce jiya an sha ruwa ka wuce ba, sai ya tsare ka da tambayar nawa aka sha. Mama ta ce ran da ta haife ni, don ni ce auta, sai da ya biya ta filin ya auna sannan ya iso asibiti, kuma kafin ya ce mata sannu ya sanar da ita milimita goma sha biyu aka samu. Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne, duk wanda ya zauna da shi minti goma ya ji shi: bai taɓa tsallake safiya ɗaya ba, bai taɓa sa hannu a kan lambar da bai gani da idonsa ba. A shekarunsa na ƙarshe a aiki Mama ta ɗauki ɗabi'ar raka shi, su fita kafaɗa da kafaɗa, ita da laima, shi da littafi. 'Yan unguwa suka samu abin tsokana, wai soyayyar tsofaffi ta dawo sabuwa. Ni ma na yi ta tsokanarsu, Allah ya yafe mini.

Unguwarmu a kwari take. Duk ruwan da ya sauka a tudun gari ta magudana guda ɗaya yake bi ya wuce ta bayanmu, magudanar da aka gina tun kakanmu yana da haƙoransa. Shekara biyu da suka wuce, wata safiyar Talata, ta gaza. Ruwa ya shigo mana har ƙirji, ya rusa gida ɗari biyu da 'yan kai, ya tafi da mutum bakwai, har da tela maƙwabcinmu da ya koma ɗauko keken ɗinkinsa. Gwamnati ta zo da barguna da masu ɗaukar hoto, ta ce abu ne daga Allah, ba wanda ya isa ya hango shi. A ƙarshen wannan shekarar Baba ya yi ritaya.

Ni aikin buga takardu nake yi a ofishin wata lauya da kowa ke ce wa Barista, gajeriyar mace mai saurin tafiya, wadda za ka ji ƙwas-ƙwas ɗin takalminta tun kafin ta shawo kwana. Ita ta ɗauki ƙarar 'yan unguwarmu. Ran da ta tara su a harabar makaranta ta yi musu bayani da harshen da kowa zai gane. Ta ce ba wanda zai kai gwamnati kotu don sama ta yi ruwa. Amma yanayin duniya ya sauya, ruwan da a da yake sauka cikin wata guda yanzu yakan sauko a yini ɗaya, kuma gwamnati ta sa hannu a takardu, na gida da na waje, cewa za ta kare rayukan jama'a da matsuguninsu daga irin wannan. Rai haƙƙi ne, wurin kwana ma haƙƙi ne. Idan hukuma ta san haɗari na tafe ta naɗe hannu, to ta saɓa abin da doka ta ɗora mata. Saboda haka, in ji ta, abu ɗaya kotu za ta nema a wurinmu, mu nuna gwamnati ta sani.

Ma'aikata ta rubuto ta ce ba ta sani ba. Da aka nemi takardunta na awo sai ta ce a ɗakin ƙasa take ajiye su, kuma ambaliyar nan da ba ta hango ba ta lalata su duka. Barista ta yi dariya har da tari. Ni kuwa da bakina da ba ya shiru sai na ce ai littattafan Baba suna nan a akwatin ƙarfe a saman kabad, ruwa bai kai gare su ba, kuma kowane wata da hatimin ma'aikata a kai. Ban rufe baki ba ta ɗauki makullin mota.

Baba ya karɓe ta kamar wadda ya shekara talatin yana jira. Ya sa an kawo shayi, ya yi mata karatun mazurari na sa'a biyu ba hutu, ita kuma ta yi ta gyaɗa kai kamar ɗalibar kirki. Da aka sauko da akwatin na durƙusa ina ƙirgawa. Ashirin da shida. Na sake ƙirgawa, ashirin da shida dai. Na shekaru tara na ƙarshe babu su.

“Gara,” in ji Baba, yana kallon bango.

A mota Barista ta tambaye ni wace irin gara ce a gidanmu da ta yi makaranta, har ta tsallake tsofaffin takardu ashirin da shida masu laushi ta zaɓi sababbi tara a jere, ba ta bar ko bango ba. Ta ce tsofaffin suna nuna yadda ruwa yake a da, wannan yana da kyau, amma taran nan su ne shari'ar, su ne za su nuna ruwan ya ƙaru kuma ma'aikata tana gani wata bayan wata tana buga hatimi. Idan babu su, da ƙafa ɗaya za mu shiga kotu.

Sati biyu na yi ina bin Baba da naci. Ya sha toka, ya ce ya faɗa mini gara ce, ko so nake ya kamo ta ya kawo mini. Wata Asabar da la'asar na tarar da Mama a falo tana guga, shi yana ƙofar gida da rediyonsa. Na zauna na shiga zagin gara, na zage ta tas, ita da danginta. Mama ta dangwarar da dutsen guga.

“Ke Auta, ya isa haka. Ki daina zagina.”

Na ce ni gara nake zagi.

“To ai ni ce garar.”

Ta shiga ɗaki ta janyo akwatin zannuwanta, ta ɗaga na sama-sama, ga su nan tara a jere, ko ƙura babu. Na buɗe na farko. Rubutun Baba ƙanana ne a tsaye kamar sojoji. Wannan kuwa manya ne masu tumbi, irin waɗanda na saba gani a takardar cefane tun ina yarinya.

Tana ninke kaya take ba ni labari, kamar labarin wasu take bayarwa. Shekara tara kafin ya bar aiki idonsa ya fara mutuwa. Likita ya ce jijiyar ce, ba gyara, sai dai a rage mata sauri. Mutane yana ganinsu kamar inuwa, hanyar unguwa ƙafarsa ta haddace, amma zanen jikin kwalba ya ɓace masa. Da ma'aikata ta ji da ta sallame shi, mu uku muna makaranta a lokacin. Sai ya zaunar da ita a kicin ya koya mata, ita da iyakacin karatunta firamare. Ita ke durƙusawa, ita ke karantawa, ita ke rubutawa, ta faɗa masa lambar a hanyar dawowa, ƙarshen wata ya sa hannu inda ta ɗora masa yatsa. Magatakardan ma'aikata bai taɓa ɗaga kai ya tambayi me ya sami rubutun ba.

Kunya ta rufe ni. A gida ɗaya nake da mutumin nan. Na tuna lokacin da ya daina karanta jarida ya ce duk ƙarya suke bugawa, muka ce tsufa ne. Na tuna yadda yake miƙo mini waya ya ce in karanta masa saƙo, wai shi ba ya son ƙananan rubutun zamani. Ni da nake taƙama da ido a kan kuskuren harafi a takardun Barista, ban ga wannan ba.

Na fita wurinsa na durƙusa, na rage masa muryar rediyo, na ce na ga littattafan. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

“Sau ɗari da takwas na sa hannu cewa ni na gani,” ya ce. “So kike in tsaya gaban alƙali, gaban mutanen da suke gaishe ni kullum, in ce sau ɗari da takwas na yi ƙarya?”

Na ce Baba, mutum bakwai fa. Ya ce ya fi ni saninsu, telan nan shi ya ɗinka rigar da ke jikinsa. Ya ce wasu sun bar aiki da gidaje da motoci, shi da suna kawai ya fito, yanzu kuma shi nake so ya miƙa. Na yi fushi, na faɗi abin da bai kamata 'ya ta faɗa wa uba ba, na tashi. Mama daga ciki ta ce ita ba za ta tsallake maganar mijinta ba, amma duk wanda ya sake kiranta gara a gidan nan zai dafa abincinsa da kansa.

Ranar Litinin na kwashe komai na faɗa wa Barista. Na zaci za ta sake ɗaukar makulli. Sai ta ce a'a. Littafin da rubutunsa na wani ne, sa hannunsa na wani, idan mai sa hannun bai tsaya ya yi bayani da bakinsa ba, ɗaya ɓangaren cikin minti biyar zai yi kaca-kaca da shi. Kuma ita ba ta ƙwatar shaida daga ƙirjin tsoho. Ya dai zo ya gabatar da ashirin da shidansa, mu ga abin da Allah zai yi.

Ranar zaman kotu unguwarmu ta kwaso kanta kaf, har waɗanda ba su san me ake ciki ba. Ɗakin a hawa na biyu yake, benci takwas, fanka uku, ɗaya ce mai aiki kuma a saitin Mai Shari'a take. Lauyan gwamnati dogo ne mai fara'a, ƙamshinsa ya riga shi shigowa, kafin a zauna matan unguwa sun raɗa masa Mai Turare. Mama ta zauna kusa da ni da jakar kasuwarta a tsakanin ƙafafu, na ɗauka ruwan sha ne a ciki.

Mai Turare bai ja da littattafan ba ko kaɗan. Ya ɗaga ɗaya ya nuna wa kotu, ya ce a rayuwarsa bai taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba, da ma'aikatan ƙasa duk irin Baba ne da an huta. Ina kallon Baba a akwatin shaida yana ƙara faɗi. Sai mutumin ya zaro wata takarda, ya ce shi ya bi littattafan shafi-shafi. Cikin shekara ashirin da shida, ruwa mafi yawa da aka samu a yini ɗaya milimita saba'in da huɗu ne. Ko ba haka ba, Baba? Baba ya ce haka ne, ya ƙara masa da rana da wata. To magudanar unguwa, in ji lauyan, an gina ta ne ta ɗauki casa'in. Ke nan shaidan masu ƙara da kansa ya tabbatar gwamnati ba ta da dalilin fargaba. Shekaru taran da gara ta ci kuwa, tunda ba wanda ya nuna saɓanin haka, sai kotu ta ɗauka su ma kamar sauran suke.

Nan ya taka inda bai kamata ba. Da zaginsa ya yi da Baba ya shanye. Amma a ce za a cike shekara tara da zato, kuma da lambobinsa za a yi, wannan ya fi ƙarfinsa.

“Ba a ɗauka,” in ji Baba. “Ruwa aunawa ake yi, ɗana, ba ɗauka ba.”

Ya shiga jero su da ka. Shekara ta farko cikin taran, casa'in da shida a yini ɗaya. Ta uku, ɗari da goma sha biyu. Ta shida, ɗari da talatin da ɗaya. Mai Turare ya yi murmushi ya ce ƙwaƙwalwar Baba abin sha'awa ce, amma kotu da rubutu take aiki, rubutun kuma gara ta ci. Ko ba haka ba?

Baba ya riƙe katakon gabansa da hannu biyu.

“Gara ba ta ci ba. Suna nan. Ba ni na rubuta su ba, matata ce, don ni ba na gani.”

Bencinmu ya kaure da ƙus-ƙus. Mama ta sunkuya ta ɗago jakar kasuwa ta ɗora a cinya, ta ce mini a hankali dama ta san bakinsa ba zai iya riƙe maganar ba. Barista ta miƙe ta nemi izinin ƙara shaida, Mai Turare ya miƙe ya ƙi, suka yi ta jifan juna da sassan doka. Mai Shari'a, wani dattijo mai kallon mutane ta saman tabarau, ya ba gwamnati mako guda ta duba littattafan, ya ce a dawo da matar.

A wannan makon Baba bai zauna a ƙofar gida ba ko sau ɗaya.

Zama na biyu da shi aka fara, kuma Mai Turare bai raga masa ba. Ya sa shi ya amsa da bakinsa cewa dokar aiki ta ce ma'aikacin da ya yi rantsuwa ne kaɗai zai auna, ya amsa. Ya tambaye shi ko ya yarda sau ɗari da takwas ya sa hannu a kan abin da ba gaskiya ba.

“Na yarda,” in ji Baba. “Sa hannun ƙarya ne, nawa ne, a tuhume ni a kansa. Lambobin gaskiya ne.”

Aka kira Mama. Ta gyara mayafi ta shiga akwatin kamar mai shiga layin asibiti. Ba ta da takardar horo, ba ta yi rantsuwar aiki ba, iyakarta firamare, duk ta amsa ba gardama. Lauyan ya juya ya tambayi kotu yadda za a rataya wa gwamnati laifi da lambobin da wata baiwar Allah ta rubuta tsakanin shara da wanke-wanke. Mai Shari'a ya ce wannan mai sauƙi ne. Ya sa masinja ya kawo kwalbar awo da jug na ruwa, ya ce jami'in ma'aikata da gwamnati ta zo da shi ya matso kusa.

Mai Turare ya tsiyaya ruwa ya miƙo mata kwalbar a hannunsa. Mama ta ƙi kallo. Ta ce ya ajiye a kan tebur, ba a karantawa a hannu, balle nasa da yake rawa. Kotu ta fashe da dariya, sai da aka buga guduma. Ta sauko ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta sa ido daidai da saman ruwan ta ce ashirin da uku da ɗigo huɗu. Jami'in ya duba ya ce haka ne. Aka sake, daidai. A na uku suka saɓa, ita ta ce arba'in da ɗaya, shi ya ce da ɗigo shida. Ta dube shi da tausayi ta ce ai daga tsaye ya karanta, ya durƙusa mana, wandon ba zai yage ba. Ya durƙusa, ya jima, ya miƙe ya ce arba'in da ɗaya ne.

Na zaci Mai Turare zai haƙura, ashe da sauran abu a aljihunsa. Ya ɗauko littafi na ƙarshe ya buɗe ranar ambaliya, ya ce ranar da duk shari'ar take kanta ke nan, Mama ta karanta wa kotu lambar da ta rubuta. Ta karɓa ta nisanta shi da fuskarta.

“Babu lamba. Na rubuta: ya cika ya zube, ban iya aunawa ba.”

“Ke nan ba ki san nawa aka yi ba.”

“Ban sani ba. Gwangwanin da kuka ba mu ɗari da hamsin yake ɗauka. Da muka isa ruwa na cinyata, shi kuma yana amai ta baki.” Ta lashi yatsa ta koma baya. “Amma duba nan, tun kafin ambaliyar, saura kaɗan ya cika, na rubuta a gefe: ma'aunin ya yi ƙarami, a kawo babba. Ba ni littafi na shida. Ga shi nan ma. Na bakwai ma akwai. Sau uku. Wannan abin zagayayye a kan rubutun nawa, ba hatiminku ba ne?”

Mai Shari'a ya ce a miƙo masa. Ya cire tabarau, ya mayar, ya duba shafukan uku ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi jami'in ma'aikata ko ya gane hatimin. Mutumin ya ce ya gane. Ya tambaye shi ko an kai babban ma'aunin. Ya ce a iya saninsa ba a kai ba. Matar tela da ke bayana ta fara kuka a hankali, ba wanda ya hana ta.

Hukuncin ranar gajere ne. Kotu ta karɓi littattafai talatin da biyar duka a matsayin shaida. Batun sa hannun Baba, in ji Mai Shari'a, tsakaninsa da ma'aikatarsa ne, tana iya bin sa idan ta ga dama, amma hukumar da ta buga hatimi a kan gargaɗi har sau uku ba za ta tsaya a gabansa ta ce ba a faɗa mata ba. Barista ta matse mini hannu a ƙarƙashin tebur har sai da na ji zafi.

Muka fito baranda. 'Yan unguwa sun cika matakala da harabar ƙasa, kowa ya ɗago kai. Baba ya tsaya cak a bakin matakalar, ya ƙanƙance, rigar ta yi masa yawa. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na wannan lokacin ba. Bai juyo wurina ba, wajen Mama ya karkata.

“Ranar farko da kika raka ni,” ya ce, “nawa ne ma?”

“Huɗu da ɗigo biyu.”

“Shida na ce.”

“Shida ka ce, Malam. Ka durƙusa ka jima, ka ce shida. Ban musa maka ba, na dai rubuta huɗu da ɗigo biyu.”

Sai kafaɗunsa suka fara motsi, na kasa gane dariya ce ko kuka, ina jin shi ma bai gane ba. Ya share fuska da hannun riga, ya miƙa hannunsa a fili, a gaban kowa, da muryar da na ƙasa ma suka ji.

“Riƙe ni, ba na ganin matakalar.”

Ta miƙo mini jakar kasuwa ta kama gwiwar hannunsa. Mutane suka dare gefe biyu suka ba su hanya, tana faɗa masa inda zai sa ƙafa har suka sauka.